Tsakanin "An Tura" da Shigowar Alat

A gaban rumfar mai POS a Kambarawa akwai wani jira da kowa ya sani. Wayar mai saye ta nuna an tura kuɗi, mai rumfa kuwa ya ƙura wa tasa ido, ba zai miƙa ko sisi ba sai alat ya shigo. Wannan ɗan tsaikon da gangan injiniyoyi suka gina shi, kuma asalinsa ya girmi intanet.

A ƙarshen shekarun 1950 manyan kwamfutocin IBM sukan gama lissafi nan take, sannan su zauna zaman banza suna jiran na'urar buga takarda, alhali hayarsu na cin maƙudan daloli. Sai aka koma zuba sakamakon a kan tef ɗin maganaɗisu, a miƙa wa ƙaramar na'ura irin IBM 1401 ta 1959 ta buga a hankali, babbar ta kama wani aikin. Shafukan intanet sun gaji dabarar: uwar garke ta karɓi buƙata, ta rubuta ta a layin jira, ta sallami mai nema, wasu manhajoji kuma su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya a bayan fage. Amazon ya fara sayar da irin wannan layi, SQS, a 2006. Celery da Resque suka bayyana a 2009.

A Najeriya ta ƙofar banki muka san abin. NIBSS, wanda Babban Banki da bankunan kasuwanci suka kafa a 1993, ya ƙaddamar da tura kuɗi nan take a 2011. Waɗanda suka taɓa jiran cakin wani gari na makonni sun san girman sauyin. Sai dai abin da ke faruwa nan take shi ne shigar kuɗin asusun mai karɓa. Saƙon tes yana bin nasa layin, bankunan kuma sai a wasu lokuta ƙayyadaddu suke warware bashin da ke tsakaninsu.

Tsadar dabarar ita ce "na karɓa" ba ta nufin "na gama". A Yunin 2020 Babban Banki ya sa wa'adin awa 72 na mayar da kuɗin POS da ya maƙale, wanda a ganina amincewa ce a hukumance cewa aiki kan ɓata a hanya. Farkon 2023, da sauyin fasalin naira ya ƙarar da tsabar kuɗi, jama'a suka yi ca a kan taransifa, layukan suka cika. Wani ya ga shiru ya sake turawa, aka cire masa sau biyu, domin a idon na'ura sabuwar buƙata ce. Abin da ke bambance turawar farko da ta biyu shi ne lambar shaida mai alƙaluma 30 da ke kan rasit, ita ce kuma ma'aikacin banki zai fara tambayarka idan ka kai ƙorafi.