Tarihin Ƙarar Waɗanda Aka Hana Su Tafiya Bisa Tuhuma

Jama'ar Bagdadiyya da sauran 'yan'uwa mazauna Jidda.

Mu da mu ke zaune nesa da ƙasar kakanninmu, ba sai an gaya mana darajar fasfo ba. Mutum ya kan ɓoye shi inda ba ya ɓoye kuɗinsa, domin ya sani ran da aka raba shi da shi, ran nan ya zama ɗan sarƙa ko da ba a sa masa mari ba. Saboda haka na ga ya kamata mu duba tarihin wata mas'ala da ta daɗe tana kai manyan mutanen ƙasarmu gaban shari'a. Watau mutumin da a ke tuhuma da laifi, ba a riga an yanke masa hukunci ba, shin hukuma tana da ikon tsare masa hanya? In kuwa ta tsare, wa zai kai wa kuka?

Bari mu fara da abin da malamanmu suka faɗa, domin mas'alar ta girmi fasfo. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsare wani mutum bisa tuhuma, sa'an nan ya sake shi. A kan wannan malamai suka yi gini. Ibn Farhun, alƙalin Madina wanda ya rasu a shekara ta 799 bayan Hijira, ya kawo a cikin Tabsiratul Hukkam cewa waɗanda a ke tuhuma iri uku ne. Wanda aka sani da kirki, ba a taɓa shi don faɗar mai ƙara kaɗai. Wanda aka sani da ɓarna, a kan tsare shi a tsananta bincike. Wanda ba a san halinsa ba, a kan riƙe shi har al'amarinsa ya bayyana. Mawardi kuma ya kawo cewa wani daga malaman Shafi'iyya ya iyakance wannan riƙo ga wata guda.

Game da tafiya kanta, ɗaliban Muhtasar na Halilu sun san hukuncin: mai bin bashi yana da ikon hana wanda ya ke bi yin tafiya, in dai wa'adin bashin zai cika ba ya nan, sai fa in ya bar wakili ko ya kawo mai lamuni. Akwai kuma lamunin fuska a sha'anin dukiya, watau wani ya ɗauki nauyin kawo mutumin duk ran da aka neme shi, in ya kasa ya biya. Bayan wannan duka, malamai sun ajiye babi na mazalim, inda talaka zai kai ƙarar mai iko. Ke nan ba su haramta tsare hanyar mai tuhuma ba, amma sun ɗaure abin da igiya uku: sababi bayyananne, da wa'adi sananne, da ƙofar kai kuka. Mai karatu ya riƙe waɗannan, da su za mu auna abin da ke tafe.

Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin Fabrairu 1903, Sarki Alu ya faɗa hannunsu daga baya. Suka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Ba alƙali, ba wa'adi, faɗar Gwamna ita ce ƙarshen magana. A 1917 suka mai da abin doka a rubuce, ta ba Gwamna ikon fitar da sarkin da aka tuɓe daga ƙasarsa.

Wanda ya shahara da jan wannan doka zuwa kotu shi ne Sarkin Ikko, Eshugbayi Eleko, wanda aka tuɓe aka kai Oyo a 1925. Lauyoyinsa suka yi ta afil har Landan, gaban majalisar shari'a ta Sarkin Ingila, wadda ita ce maƙurar ɗaukaka ƙara a zamanin nan. A 1931 majalisar ta ce ko Gwamna ne, in ya taɓa 'yancin mutum, wajibi ne ya iya nuna hujjarsa gaban kotu, kotu kuma ta auna ta. Cikin shekaran nan aka bar Eleko ya koma Ikko. Ƙofar kuka ta buɗe, amma sai da ta ci masa shekara shida.

Da aka sami mulkin kai a 1960, aka rubuta 'yancin zirga-zirga cikin Tsarin Mulki. Duk da haka ɗabi'ar da ba ta bar masu mulki ba. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa wani Bature, Mista Muffett, ya binciki kuɗin En'e ta Kano. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, aka kai shi Azare ya zauna. Sai a zamanin Gwamna Abubakar Rimi aka yarda ya dawo ƙasar Kano, ya sauka Wudil, ya rasu a 1991. Haka kuma cikin Afrilu 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, aka kai shi Zing ta Jihar Taraba. A riƙe sunayen nan biyu, domin jikan na farko da ɗan na biyu za su zo mana nan gaba.

Maganar fasfo kuwa, wani lauya ne mutumin Kudu, Olisa Agbakoba, ya share wa kowa hanya. Cikin Afrilu 1992 'yan sandan ciki, watau SSS, suka karɓe masa fasfo a filin jirgin saman Ikko, yana kan hanyarsa ta zuwa taro a Holan. Ya kai ƙara, aka yi ta ja har Kotun Ƙoli. A 1999 ta yanke cewa SSS ba su da wannan iko, domin dokar fasfo ta 1985 Ministan Harkokin Cikin Gida ta ba ikon janye fasfo, shi ma bisa ƙa'idodin da ta shimfiɗa. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashi na 41, ya ce kowane ɗan Nijeriya yana da 'yancin yawo a ko'ina cikin ƙasa, da fita, da shigowa. Amma a sani, sashin nan da kansa ya yarda a kafa dokar da za ta hana fita ga wanda a ke tuhuma da laifi bisa dalili mai kama hankali. Nan ne bakin dāgar, kowane gefe yana riƙe da rabin sashin.

To, ga jikan Sarki Sanusi. Ran 20 ga Fabrairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da Malam Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Bankin Nijeriya bisa zargin sakaci da dukiyar banki, bayan shi Malam Sanusi ya ce akwai dala biliyan 20 na kuɗin man fetur da ba su shiga baitulmali ba. Yana Yamai aka yi sanarwar. Da ya sauka Ikko, SSS suka karɓe fasfonsa. Ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ta Ikko. Ran 3 ga Afrilu Joji Ibrahim Buba ya ce a mayar masa da abinsa, a ba shi haƙuri, a kuma biya shi diyyar naira miliyan 50. Amma cikin Mayu aka sake tare shi a filin jirgin saman Kano zai tafi Faransa, aka karɓe fasfon. Ran 8 ga Yuni ya zama Sarkin Kano.

Ran 9 ga Maris 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta tuɓe shi bisa zargin rashin biyayya, aka kai shi Loko, kashegari aka wuce da shi Awe, duka a Jihar Nasarawa. Mutane suka ce abin da ya sami kaka ya sami jika. Amma lauyoyinsa ba su kwanta ba. Ba su yi jayayya a kan sarauta ba, suka tsaya a kan abu guda, watau wane sashi na doka ya ba gwamna ikon ajiye ɗan ƙasa a garin da bai zaɓa ba? Ran 13 ga Maris Joji Anwuli Chikere ta Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ba da umarni a sake shi, ran nan ya bar Awe, ya wuce Ikko. Ran 30 ga Nuwamba 2021 ta yanke cewa korar ta saɓa wa Tsarin Mulki, ta sa a biya shi naira miliyan 10. Abin da ya ci wa kakansa shekaru masu yawa, shi kwana huɗu ya ci masa.

Kada mai karatu ya yi saurin murna, ga labarin ɗan Sarkin Musulmi. Kanar Sambo Dasuki ya riƙe muƙamin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro daga 2012 zuwa 2015. Da gwamnatin Muhammadu Buhari ta hau, aka tuhume shi da ajiye makamai ba bisa izini ba, da kuma karkatar da kuɗin sayen makamai, wajen dala biliyan 2.1. Ran 3 ga Nuwamba 2015 Joji Adeniyi Ademola ya ce a ba shi fasfonsa ya tafi neman magani na mako uku. Maimakon haka, SSS suka kewaye gidansa a Abuja. Ran 29 ga Disamba, bayan ya cika sharuɗɗan beli, suka sake kama shi a ƙofar kurkukun Kuje. Ran 4 ga Oktoba 2016 kotun ECOWAS, ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce tsarewar haramun ce, a sake shi, a biya shi naira miliyan 15. Ba a sake shi ba. Cikin Nuwamba na shekaran nan mahaifinsa ya rasu yana tsare. Sai ran 24 ga Disamba 2019 ya fito. Ba aikina ba ne in ce ya ci kuɗin ko bai ci ba. Abin lura shi ne, ƙofar kuka a buɗe ta ke, alƙalai sun ji kukan, amma mai riƙe da mabuɗi ya ƙi jin alƙalai.

Adalci ne kuma mu faɗi hujjar hukuma, domin tana da ita. Akwai masu gudu. Abdulrasheed Maina, wanda aka tuhuma da cin kuɗin fansho, an ba shi beli, Sanata Ali Ndume ya tsaya masa a kan naira miliyan 500. A 2020 Maina ya daina zuwa kotu. Cikin Nuwamba Joji Okon Abang ya aika da Sanatan Kuje, ya yi 'yan kwanaki. A ƙarshen watan aka kama Maina a Yamai aka dawo da shi, a 2021 aka ɗaure shi shekara 8. Almajirin fiƙihu in ya ji wannan, zai ce ai lamunin fuska ke nan.

Tsoron irin wannan gudu ne hujjar gwamnati a 2018. Cikin Yuli Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarni na 6, game da dukiyar waɗanda a ke tuhuma da cin amana. Waɗansu lauyoyi suka kai ƙara. Ran 11 ga Oktoba Joji Ijeoma Ojukwu ta ce umarnin bai saɓa wa doka ba, muddin za a nemi izinin kotu wajen aiki da shi. Bayan kwana biyu fadar Shugaban Ƙasa ta ba da sanarwar hana mutum 50 fita, ba ta kuwa bayyana sunayensu ba. Lauyoyi da yawa suka ce ba abin da Joji ta faɗa ke nan ba, domin mutumin da bai san an hana shi ba, yaya zai kai ƙara?

A nan ƙasar da mu ke zaune ma an rubuta igiyoyin nan cikin doka. Dokar takardun tafiya ta shekara ta 1421, daidai da 2000, ta ce ba a hana mutum tafiya sai da hukuncin alƙali, ko umarnin Ministan Cikin Gida bisa dalilin tsaro ayyananne da wa'adi sananne, a kuma sanar da shi cikin mako guda. Dokar zartar da hukunci ta 1433 ta ba alƙali ikon hana tafiya ga wanda ya ƙi biyan bashin da ya tabbata a kansa, kusa da abin da Halilu ya faɗa. Kotun da a ke kai ƙarar ma'aikatun hukuma kuwa, sunanta Diwanul Mazalim, sunan tsohon babin nan.

To, jama'a, abin da tarihin nan ya nuna shi ne, daga Sarki Alu zuwa yau an sami ci gaba na gaske, domin dā ba inda za a kai kuka, yanzu akwai. Abin da ya saura shi ne mai iko ya bi hukuncin da bai yi masa daɗi ba. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya kan koma baya, kuma mun ga masu tsaron ƙasa jiya sun zama masu roƙon fasfo yau. Wanda aka tsare wa hanya, kada ya bi ta daji, kada kuma ya zauna yana kuka a ɗaki. Ya nemi a gaya masa wa ya hana shi, da wane sababi, har zuwa yaushe, ya riƙe takardarsa ya nufi kotu. Wanda aka roƙa ya tsaya wa wani kuma, ya tuna da Sanatan nan kafin ya sa hannu.

Allah ya tsare mu da tuhuma, ya tsare shugabanninmu da zalunci, amin.