Juyin Juya Halin 2018: Ciki Ya Riga Kunne Ji

Kafin rediyo ya ce mulkin Umar al-Bashir na girgiza, jiki ya riga ya sani. A Disambar 2018 burodin fam ɗaya ya koma fam uku a Atbara. Mai riɗi daga Ƙala'at an-Nahal ya kai kaya Gadarif, banki ba tsabar kuɗi, manyan motoci na kwana a layin mai. Ranar 20 ga watan Gadarif ta tashi: warin taya, barkonon tsohuwa a ido, ƙarar harsashi, aka rasa rayuka. A Khartum kuwa, guɗar mata ke buɗe zanga-zanga. Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilun 2019. To, makiyayi da ɗan kasuwa, kasuwa ta riga fada jin labari.