Littafin da Ya Ƙare a Kasuwa: Daga Kano zuwa Chennai

Littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a shekarar 1933. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su taɓa ɓacewa ba, saboda an sanya su cikin manhajar makarantu, kamfanin NNPC na Zariya kuwa, wanda aka kafa a 1966, ya yi ta maimaita buga su. Babban kamfani ba ya sake buga littafi sai ya tabbatar ɗalibai za su saya. Wanda manhaja ba ta ɗauka ba, bugu ɗaya ne rabonsa.

Da darajar naira ta faɗi a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya, sai marubutan Kano suka koma buga wa kansu. Su kai rubutu ƙaramar maɗaba'a, su biya daga aljihunsu, su raba wa ƴan kasuwa. Ƙungiyar Raina Kama ta tattara da yawa daga cikinsu, har da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu. Ta hannun fatake waɗannan littattafai suka ƙetaro iyaka zuwa Damagaram da Maraɗi, inda mata ke aron su gida-gida har bango ya yage.

Wannan tsari ya ba marubuci ƴanci, amma ya bar shi da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Takardar mai araha ce, ba ta jure damina biyar. Babu ma'ajiya, babu mai lissafin abin da aka buga. Idan jarin marubuci ya karye, ko hankalinsa ya koma harkar fim kamar yadda ya faru da da yawa a ƙarshen shekarun 1990, littafi sai ya ƙare shiru.

Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Balaraba ta fitar a 1990, misali ne mai ban sha'awa. Labarin Rabi ne, uwar ƴaƴa tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro wata mace mai zaman kanta, ta riƙa sayar da abinci tana ciyar da ƴaƴanta. Marubuciyar ta san abin da take faɗi: an yi mata aure tana ƙarama, karatun boko kuma a ajin yaƙi da jahilci ta same shi. Shekara 22 bayan bugun farko, a 2012, wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a birnin Chennai na ƙasar Indiya, mai suna Blaft, ya sake fitar da shi cikin fassarar Ingilishi ta Aliyu Kamal. Blaft ya yi suna ne da farfaɗo da labaran kasuwa na harshen Tamil waɗanda masana ke rainawa, shi ya sa bai raina na Kano ba. Abin mamaki, ƙasar da Hausawa suka shekara da shekaru suna kallon finafinanta, ita ce ta karɓi labarinsu.

Sai dai fassarar ta amfani baƙi ne fiye da masu harshen. Malamin Hausa a Damagaram da ke son ajinsa ya karanta asalin littafin, Ingilishi ba ta biya masa bukata. Haka ma Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya wakilci Zinder a majalisa ƙarƙashin Sawaba, ya kuma rasu a haɗarin mota a 1993: a Paris kamfanin L'Harmattan ya buga shi a 1980, da Faransanci, alhali Sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899 da Hausa ta yi magana.