Tsiron Dawa: Daga Gindin Dala zuwa Masana'antu

Ka taɓa lura da yadda mai kunun zaki ke zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankali ko tsiron shinkafa a cikin damu mai kauri, can an jima ka ga ya tsinke, ya yi zaƙi, alhali ba ta sa sukari ba? A cikin dankalin da tsiron akwai wani sinadari da masana ke kira amiles, aikinsa shi ne ya farfasa sitacin hatsi ya mai da shi sukari. To, da wannan matakin ne ita ma giya take farawa, shi ya sa tarihin abin shan biyu ya sarƙe da juna.

A littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, an jero manyan mutanen da ke zaune a gindin Dala zamanin Barbushe, kowa da sana'arsa. Akwai Gijigiji maƙeri, akwai kuma Bugazau mai dafa giya. Ka ga ke nan a wancan lokacin sana'a ce da ake lissafa ta tare da ƙira. Da Musulunci ya kafu, musamman bayan jihadin 1804, sai ta janye daga birni ta koma ƙauyukan Maguzawa. A can Ba'amurken nan Joseph Greenberg ya tarar da ita lokacin da ya yi bincikensa a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ana shan ta a biki, ana zuba wa iskoki. Mata ne masu dafawa. Su jiƙa dawa, su shanya ta su rufe da ganye har ta tsiro, su busar, su niƙa, su dafa, sannan su bar ta ta kwana.

A wannan kwanan ne hanya ke rabuwa. Ƙwayoyin bakteriya su ne ke fara cin sukarin, su kawo tsami irin na nono. Idan aka tsaya a nan, kunu ne. Idan kuwa aka bar yis ya samu kwanaki yana cin sukarin, sai ya fitar da iska mai kumfa da sinadarin da ke bugarwa. Louis Pasteur ya nuna, daga 1857, cewa halittu masu rai ne ke wannan aiki. Don haka gorar kunun da ta kwana biyu a zafi har ta kumbura, kada ka ce tsami ne kawai.

Turawa ma haka suka yi ta yi ba tare da sanin dalili ba. A garin Hoegaarden na Beljiyam an daɗe ana yin wata farar giya da alkama da tsiron sha'ir, gurɓatacciya a ido, mai ɗan tsami, ana sa mata ɓawon lemu da 'ya'yan koriyanda. Gidan da ya rage yana yin ta ya rufe a 1957, sai wani mai sayar da madara, Pierre Celis, ya farfaɗo da ita a 1966.

Amma abin da ya shafi manomin Jama'a, a yankin Gwarzo da Kabo, ya faru ne a 1988. A shekarar gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda kamfanonin giya da na lemon malt suka dogara da shi kacokan. Dole suka waiwayi dawa. Ba abu ne mai sauƙi ba: sitacin dawa sai ya ji zafi sosai kafin ya narke, zafin kuma yana kashe amiles ɗin, tsironta ma bai kai na sha'ir ƙarfi ba. Sai da aka sake tsarin dahuwar, aka kuma koma ga irin da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar, kamar gajeriyar kaura SK5912. A ganina, ba a yaba wa masu binciken nan yadda ya kamata ba.

Tun 2000 Kano take bin shari'ar Musulunci, Hisba kuma na farfasa kwalaben giya a bainar jama'a. Duk da haka dillalai na ɗibar dawa a kasuwar Dawanau suna kai wa masana'antu, inda wata ke zama Maltina ko Milo, wata kuma giya. Manomin da ya auna buhunsa ya karɓi kuɗinsa, galibi bai san wace ƙofa za a shiga da shi ba.