Tarihin Hoton Talla: Daga Kyamarar Leica Zuwa Wayar da Ke Hannunmu

Duk sanda wani kamfani ya fito da sabuwar kyamara ko waya, abin da yake fara nuna mana shi ne hotunan gwaji: fuska tas, launi raɗau, dare kamar rana. Da yawanmu da ire-iren waɗannan hotuna muke yanke shawara kafin mu shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba mu ƙirga kuɗi. Wannan dabara ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, kuma tarihin kyamarar Leica ta Jamus ya nuna inda ta samo asali da inda takan yaudari mai saye.

Labarin ya fara a garin Wetzlar, a kamfanin Ernst Leitz mai ƙera madubin ganin ƙananan halittu. Wani ma'aikacinsu, Oskar Barnack, yana fama da ciwon asma, ɗaukar manyan kyamarorin wancan zamani da ƙafafunsu na katako yana ba shi wahala. Tsakanin 1913 da 1914 ya haɗa wata 'yar ƙaramar kyamara mai amfani da fim ɗin silima, kowane hoto faɗinsa milimita 36, tsayinsa 24. Hoton da ya ɗauka na dandalin Eisenmarkt, da na ambaliyar da ta ci Wetzlar a 1920, suna cikin hotunan gwaji na farko na wannan ƙira. A 1925 aka kai ta baje kolin Leipzig da sunan Leica.

Masu sana'ar hoto ba su karɓe ta nan take ba. Sun saba da manyan faifan gilashi, suna ganin fim ɗin da bai wuce kan sarki biyu ba ba zai ba da hoton kirki ba. Tun da gani ya kori ji, sai aka koma ga nuna musu aikinta. Dakta Paul Wolff na Frankfurt ya riƙa wanke hotunan Leica da girma ana baje su, a 1934 kuma ya fitar da littafi kan yadda yake aiki da ita. Waɗannan hotuna sun sayar da kyamarar fiye da kowace takardar talla. Sai dai mu lura, hannun gwani ne ya ɗauke su, ya zaɓi haske, ya wanke da kansa. Mai saye yana ganin aikin Wolff, amma kyamara kaɗai yake kaiwa gida.

A 1932 aka saka wa Leica II na'urar awon tazara, wadda ta ba irin waɗannan kyamarori sunansu. Tagogi biyu ne a gaba, kowace tana kallon abu daga gefenta. Mai ɗauka yana ganin siffa biyu, sai ya riƙa murɗa gilashin har su haɗu su zama ɗaya, a nan hoto ya daidaita. Leica M3 ta 1954 ta inganta wannan tsari, 'yan jarida suka rungume ta saboda ƙanƙanta da rashin ƙara. Daga 1959, da Nikon F ta Japan ta fito, kasuwa ta juya ga kyamarorin da ake leƙawa ta cikin gilashin ɗaukar hoton kai tsaye, masu awon tazara suka zama na 'yan tsiraru.

Da zamanin dijital ya zo, kamfanin Epson ne ya riga kowa, ya fitar da R-D1 a 2004 tare da Cosina, mai megafiksel 6. Leica ta biyo baya da M8 a watan Satumba na 2006, mai megafiksel 10, a baje kolin Photokina na birnin Kolon. Talla ta yi armashi, masoya suka yi layi. Da kyamarar ta shiga hannun jama'a sai aka ga abin da talla ba ta nuna ba: baƙin yadi na roba, irin su foliyesta, yana fitowa da launin shunayya. Dalili shi ne gilashin irin wannan kyamara yana zama kusa da sensa sosai, don haka aka sirantar da murfin da ke tare hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani amma sensa tana gani. Kamfanin ya amsa matsalar, ya ba masu saye gilashin tace haske guda biyu kyauta. Mu ƙaddara mai hoton biki ne a Agege ko Sabo ta Ibadan, mata sun fito da baƙaƙen abaya, hoto ya fito duk sun koma shunayya. Wa zai biya shi?

Akwai wani gibin da ya fi shafarmu kai tsaye. Daga wajen tsakiyar shekarun 1950, Kodak ta riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton baturiya, da shi ake daidaita launi. Fatar da aka auna da ita ita ke fitowa daidai, baƙar fata kuwa takan dushe, sai ido da haƙora. Mai bincike Lorna Roth ta Kanada ta nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin. Wannan ne ya sa Tecno ta samu abin talla a Afirka da ta ce kyamararta ta san fatarmu.

Wani lokacin ma hoton ba na na'urar ba ne. A 2012 Nokia ta nemi afuwa bayan an gano cewa bidiyon tallar Lumia 920 ba da wayar aka ɗauke shi ba, domin inuwar mota da mai babbar kyamara ta fito a jikin wata taga. A 2016 Huawei ta wallafa wani hoto a tallar P9, wayar da ta yi da haɗin gwiwar Leica, sai bayanan da ke ɓoye cikin hoton suka nuna da Canon 5D Mark III aka ɗauka. Ita ma ta janye shi. A Oktoban 2023 Leica ta fitar da M11-P, kyamara ta farko da ke liƙa wa hoto shaidar dijital ta na'urar da ta ɗauke shi da gyaran da aka yi masa, alamar cewa masu ƙera kyamara su ma sun san amana ta yi rauni.

Don haka matasanmu masu sana'ar hoto, da duk mai niyyar sayen waya, kada mu tsaya ga hoton kwali. Mu gwada na'urar da hannunmu, a kan fuskar ɗan uwa, cikin ɗaki da hasken yamma, da baƙin tufafi da fari. Mu nemi hotunan da masu amfani da ita suka ɗauka, mu ba sabuwar fita 'yan watanni ta nuna halinta. Allah Ya sa albarka a neman kowa.