Wa Zai Sayi Fijo 504 Bayan Iyayenmu?

A bayan wani gida nan Kaugama akwai wata tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Tayoyinta sun nutse a yashi, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Sau biyu 'yan gwangwan suna tayawa, dattijon da ke da ita yana cewa albarka. 'Ya'yansa kuwa sun ƙosa a kwashe ta.

A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, amma a nan ta yi suna. Kamfanin PAN ya soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mai da Fijo motar manyan ma'aikata. Daga nan ta gangaro tasha. Wagon ɗinta ce ke jigilar fasinja daga Haɗejiya zuwa Kano, akori-kurarta kuma ta sha lodin shinkafa da busasshen kifin fadama. Kowane bakanike ya san cikinta. Da tsarin SAP ya zo a 1986, Naira ta karye, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai motocin Kwatano suka cika hanya.

A Amurka ma an yi motocin da suka tafi da hankalin samari haka, masu ƙaton inji irin su Ford Mustang da Pontiac GTO, waɗanda suka fito a 1964. Tsadar mai ta 1973 ta dusashe kasuwarsu. To amma yaran da suka yi ta leƙensu ba kuɗi sun girma sun yi arziki, suka dawo neman abin da ya gagare su. A Janairun 2020, a jihar Florida, an yi gwanjon Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt a kan dala miliyan 3.74.

A ganina ƙuruciyarsu suke saye, ƙarfen tukuici ne. Shi ya sa can ma ake fargabar ranar da waɗannan dattawa za su ƙare, don yawancin na bayansu motocin Japan na shekarun 1990 suke bege, irin su Toyota Supra.

Mu tamu matsalar ta fi. Ba mu ajiye mota, sai mun more ta har ta mutu, sannan a farfasa ta, kayan gyaran su nufi Ƙofar Ruwa a Kano, gangar jikin a ɗora a sikeli. Ranar da wani attajiri zai tashi neman Fijo irin ta mahaifinsa, da wuya ya samu mai rai. Ni kaina, in na faɗi gaskiya, Golf ce motar ƙuruciyata.

Jiya na tambayi dattijon nawa zai sayar. Ya ce da ita aka ɗauko amaryarsa daga Malam Madori, sannan ya tambaye ni ko na ci abinci.