Ruwa da Hanya Suka Kafa Daura

Duk mai son fahimtar asalin Daura, ya fara da rijiyar Kusugu. Labarin da aka gada ya ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida, ɗan sarkin Bagadaza, ya zo ya kashe shi, ya auri Magajiya Daurama. Masana irin su Abdullahi Smith sun yi shakkar zuwan wani ɗan sarki daga Bagadaza, kuma shakkarsu tana da tushe. Amma labarin da kansa ya shaida cewa baƙon ya tarar da gari kafaffe, mai sarauniya da jerin magajiyoyi tun daga Tsohon Birni. Abin da ya adana mana shi ne yadda mulki ya rataya a kan ruwa. A ƙasar da rani ya fi damina tsawo, wanda ya riƙe rijiyar da ba ta ƙafewa shi ke da mazauna, shi ke da baƙi.

Baƙin kuwa ba su yanke ba, domin Daura tana tsakanin Kano da Damagaram, a kan hanyar da ke bi ta Agadas zuwa Tarabulus. A da, raƙuman Abzinawa suna gangarowa da gishirin Bilma da dabino, fatake suna haurawa da hatsi da tufafi da fatu. Wani zai ce ai Kano da Katsina sun fi Daura kasuwa nesa ba kusa ba. Haka ne, sai dai ayari ba ya kai wa babbar kasuwa sai ya yada zango inda dabbobi za su sha.

Siyasa ma ta bi wannan hanya. Da Malam Isiyaku, jagoran Fulani, ya ci Daura a 1805, gidan sarautar Haɓe ya koma Zango da Ɓaure, inda ya zauna a inuwar Damagaram. Turawan Ingila sun mayar da Sarki Musa kan gadon kakanninsa a 1904, amma iyakar da suka shata da Faransa ta ratsa tsohuwar hanyar, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911 ya juya ciniki zuwa teku. Saboda haka wanda zai rubuta tarihin Daura bai kamata ya tsaya a Kongolam, bakin wannan iyaka, ba, domin rabin shaidarsa tana Damagaram da Agadas.